C300 ko ES350: wacce za ta iya zaman Tahoua?

Baban Nafisa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya taɓa riƙe irin motar ya yi magana. Na sa Corollata kasuwa. A wani fakin na Yamai an nuna mini motoci biyu, Mercedes C300 ta 2010 da Lexus ES350 ta 2009, duka daga Amurka, duka an yi musu duwan. Benz ɗin ta ma ɗan fi sauƙin kuɗi, abin da ya sa na tsaya tunani ke nan. A Tahoua nake aiki, iyali suna nan, amma kusan kowane wata ina sauka Yamai. Zuciyata na kan Benz, ba zan ɓoye muku ba. Albashi ne kawai hanyar samuna.

Ɗan Ader: Wa alaikumus salam. Wanga zance ba shi da wuya hwa. Sai Lexus ka kwana lahiya. Ita ES350 Camry ce da ta sa babbar riga, injin guda ne da na Camry V6 da Avalon da Highlander. Ko a Tahoua, ko a Ƙonni, ko a Madawa ka samu fan, wato mota ta lalace, duk yaron garaji da ya san Toyota zai buɗe kapo ya gane abin da yake kallo. Benz kuwa in ta ƙi tashi a Badagishiri, sai dai ka nemi wanda zai ja ka.

Ɗan Ƙonni 330: Ga ƴan Toyota sun fara. Mutum ya ce yana son mota, kun ce ya sayi katifa mai taya. Yaya, ka taɓa tuƙa BMW E90 kuwa? Ka gwada sau ɗaya daga Tsarnawa zuwa Dogon Dutsi, ba za ka sake kallon waɗannan biyun ba.

Ɗan Ader: Kai yaro, taka tana ina yanzu? Tun bayan salla ba mu gan ta bisa titi ba.

Ɗan Ƙonni 330: Tana hutawa.

Mai Garaji na Feray: Salama. Alhaji Baban Nafisa, ni Benz nake gyarawa, da ita nake ciyar da gidana, don haka ka auna maganata da wannan. Zan faɗa maka abin da ke jiranka a C300 ta 2010, sai ka yi lissafinka.

Ita ce ake kira W204, an yi ta daga 2007 zuwa 2014. Injinta M272 ne, V6 mai lita 3. Na farko-farkon wannan injin, wajen 2005 zuwa 2007, suna da ciwon wani haƙori da sarƙar injin ke bi ta kansa, yana cinyewa, kuma gyaransa sai an sauke injin. Ta 2010 ta wuce wannan zamanin, ka kwantar da hankali ta nan. Abin da ya rage mata: ɗan hannun roba na jikin bututun shigar iska yana karyewa, fitilar injin ta kama. Tarmosta tana mutuwa. Robobin da injin ke zaune a kansu akwai ruwa a cikinsu, zafinmu na Afrilu da Mayu yana gama da su, sai ka ji mota na karkarwa a danja.

Babba a ciki shi ne makullin sitiyari na lantarki. Akwai ɗan ƙaramin moto a ciki da ke sakin sitiyari in ka sa maɓalli, wato mabuɗin mota. Ranar da ya mutu, za ka murɗa maɓalli shiru, ko fitilar tablo ba za ta amsa ba. Mutane sai su ce batir ne, su sayi sabon batir, a banza. Yana ba da alama tun da wuri: sai ka sa maɓalli sau biyu ko uku kafin ka ji ƙarar sakinsa. Wanda ya kawo ta a wannan lokacin gyara ne mai sauƙi. Wanda ya bari ya mutu a kulle, aiki ya ƙaru, don sai an yi fama kafin a ciro shi. Kuma ba aikin guduma ba ne, sai mai kwamfuta.

Sai buwat, wato akwatin giya. Tata mai giya bakwai ce, ba ta da sandar duba mai. Ta ƙasa ake ɗura mata da famfo, a auna a kan zafin da aka ƙayyade. Man ma iri biyu ne, akwai ja akwai shuɗi, na motocin da aka ƙera daga tsakiyar 2010 ne shuɗin, ba a haɗa su. Taka tana kan iyaka, sai an duba lambar shasi. In 4MATIC ce kuma, wato mai ja da duka tayoyinta, tayoyi huɗu dole su zama girma ɗaya, cinyewa ɗaya. Ba motar da za ka sa sabuwar taya ɗaya da tsofaffi uku ba ce.

Duk wannan ana gyarawa, kuma in an gyara daidai ana daɗewa ba a dawo ba. Tambayar da zan maka ita ce: a Tahoua wa zai taɓa maka ita?

Baban Nafisa: Na gode Metir. Akwai wani yaro da ake cewa yana da kwamfutar duba mota a nan.

Mai Garaji na Feray: Ka tambaye shi ko tasa na shiga buwat da makulli, ko injin kaɗai take karantawa. Ƙananan nan da ake haɗawa da waya suna goge fitila, amma ba su gaya maka komai. Goge fitila ba gyara ba ne.

Maman Iman: Assalamu alaikum. Ni C200 Kompressor nake tuƙawa, ta 2008, daga Turai ta zo. Ina so in faɗi wani abu da maza ba sa son faɗa a nan: ba motar ke cin kuɗi ba, hannun da ke taɓa ta ne. Lokacin da na saye ta wani makanike na unguwarmu ne ke mini bidanji, wato canjin man inji. Ashe man durom yake zuba mata, wanda ake aunawa da gwangwani, a radiyato kuma ruwan famfo. Ni ina biyan kuɗin mai na galan. Ranar da aka buɗe murfin ruwa a wani garajin, abin da ya fito jajawur ne, tsatsa zalla, har famfon ruwa ya cinye. Tun daga nan ni nake sayen mai da filtir da hannuna, in duba bayan galan in ga an rubuta 229.5, lambar irin man da Benz ta amince da shi, in zauna a kan benci har a zuba a gabana, in tafi da galan ɗin gida don kar a cika shi da wani abu a sayar wa wani. Suna mini dariya, suna cewa Hajiya sarkin bincike. Su yi ta yi.

Tun da na kama wannan hanyar, abin da na canza manya su ne sarƙar injin da haƙoranta, don irin injina an san shi da haka, yana ƙara da safe in sarƙa ta saki. Daga Koira Kano zuwa Filato kullum, kilim a kunne, ba ta taɓa barina a hanya ba. Amma ni a Yamai nake, Feray, kasuwar kayan mota da garaji, na kusa. Da a Tahoua nake, wallahi ban sani ba ko zan iya.

Ɗan Ader: To ka ji. Hajiya da kanta ta ba ni gaskiya.

Maman Iman: Ban ba ka ba, Malam. Na shiga ES350 ta ƙanwata, tablon ya narke yana kama hannu, yana ƙyalli har ba ka ganin hanya da rana. Kowace da nata.

Mai Garaji na Feray: Gaskiya ne, Lexus na waɗannan shekarun an san su da narkewar tablo a ƙasashen zafi, ES da IS duka. Kuma kar a ce ES350 ba ta ciwo. Famfon ruwanta yana yoyo, kuma wurin a matse yake. Na farkon suna da wani tiyon mai na roba da ke fashewa, mai ya tsiyaye cikin ɗan lokaci. An sauya shi da na ƙarfe, sai a leƙa a ga wanne ke jikin taka. Buji uku na baya sai an cire bututun iska kafin a kai gare su, shi ya sa za ka tarar an canza ukun gaba an bar na baya tun daga Amurka. Bambancin shi ne kayanta na ko'ina, kuma tana yafe ganganci. Benz ba ta yafewa.

Alhaji Tiranzit: Ku dakata. Kuna ta zancen inji, ba wanda ya tambayi tarihin motocin. Ƙanena, "daga Amurka" ba shaida ba ce. Da yawa daga motocin da ke zuwa mana daga can a gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, wato waɗanda suka yi hatsari ko ruwa ya ci. A gyara a Kwatano ko Lome, a yi fenti, a wanke, ta iso Yamai tana walƙiya. Wadda ta yi hatsari da sauƙi, ido na gani. Wadda ambaliya ta ci ita ce masifa, musamman Benz da ke cike da ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin kafet. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitila ta kama da kanta, jibi batir ya kwana ya mutu.

Ka ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ka rubuta ta a intanet kawai, sau da yawa hotunan gwanjon ma za su fito, ka ga yadda take kafin a yi mata kwalliya. Ka ɗaga kafet ka shinshina. Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai zanen laka. Ka sa a ɗaga ta sama: wadda ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, tsatsa na cin ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, kuma W204 an san ta da wannan. Sannan kanta, wato agogon tafiya, a mil yake ƙirga, ba kilomita ba. In ka ga 120,000, ka ninka da 1.6, kilomita 192,000 ke nan. In ma ba a mayar da shi baya ba.

Game da arahar da ta ba ka tsoro: ba lallai aibi ba ne. Kasuwarmu ce haka, duk abin da ke da jinin Toyota yana riƙe kuɗinsa. Amma ka tuna ranar sayarwa ma haka za ta kasance. Araha ba ta ado.

Baban Nafisa: Alhaji, Allah ya saka. Batun kayan gyara fa? Na ji an ce yanzu sai an jira.

Alhaji Tiranzit: Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanville a 2023, kayan da ke biyo ruwa sai ta Lome, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori, su shigo ta Tera da rakiyar sojoji. Lokaci ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Ƙananan abubuwa, irin su sensa da makulli, ta jirgi ake kawo su daga Dubai ko Faransa, ko a ba wani matafiyi ya saƙo a jaka. Ku ƴan Tahoua ma kuna da wata ƙofa: Ƙonni, Illela, Sakkwato, ko a aika Kofar Ruwa a Kano. Sai dai a can jabu da na gaske kwali ɗaya suke sawa, sai da wanda ya sani.

Ɗan Ƙonni 330: Wannan gaskiya ne. Famfon ruwan tawa na lantarki ne, shi nake jira. An kawo mini wani a kwali mai kyau, bai yi wata ba ya tsaya.

Ɗan Ader: Ashe dai hutun na dole ne.

Mai Garaji na Feray: Ku bar yaro. E90 mota ce mai daɗin tuƙi, ba wanda zai musa. Amma duk hanyar ruwanta roba ce, rana na gasa ta. Ba ta da sandar duba man inji, a tablo ake gani. Yawancinsu ba su zo da tayar safiya, wato ta ajiya, ba, don tayoyinsu irin masu tafiya ne ko sun sace. In ka sa na gama-gari, sai ka nemi safiya da jak ka cika but da su. Batir ma in ka canza sai an gaya wa kwamfutar motar. Ga mai iyali da ke bin hanyar Doso da dare, ban ba da shawara ba. Audi A4 ta 2009 zuwa 2011 kuwa, mai 2.0, shan man injinta ya isa ya sa ka riƙa yawo da galan.

Malam na Lazare: Assalamu alaikum ƴaƴana. Na daɗe ina karantawa. Ni 190 gare ni, irin wadda aka daina ƙerawa tun 1993, kuma har yau ita ke kai ni masallacin Juma'a. Amma kar wani ya ɗauki 190 ya auna C300 da ita, sunan ne kawai ɗaya. Tawa da sufana da filaya ake gyara ta.

Baban Nafisa, abin da zan ce ba na inji ba ne. Riƙon irin wannan mota riƙon doki ne: ba ranar saye ake gane mai doki ba, sai an shiga bazara harawa ta yi tsada. In duk abin da ke hannunka za ka zuba a saye, to ba ka isa sayenta ba tukuna, ko Benz ko Lexus. Ka rage wani abu mai kauri a gefe wanda uwargida ma ta san na mota ne. Watan farko za ka canza mai, filtoci, ruwan radiyato, man buwat, wataƙila tayoyi da batir, ga asirans ga binyet ga bizit, ga sauya kart giris zuwa sunanka. Binyet da asirans kuma da ƙarfin inji suke tafiya, V6 ba Corolla ba ce.

Akwai kuma harajin da ba a rubuta ba. Ranar da ka shiga gari da tauraro a kan kapo, albashinka bai ƙaru ba, amma a idon dangi ya ninka. Wanda da yake roƙon jika biyu zai dawo yana neman goma. Duk auren da za a yi a unguwa, motarka ce ta amarya, kuma da tankinka. Mai gyaran taya ma kuɗinsa daban ne in ya ga tambarin. Lexus ta fi ɓoye mai ita kaɗan, mutanen ƙauye da yawa Camry suke ɗaukarta.

Maman Iman: Baba ya faɗi gaskiya. Ni har tumatir ana ƙara mini kuɗi in na faka kusa da mai tebur. Yanzu nesa nake ajiye ta in taka.

Ɗan Gao: Ni tambayata mai. Ba gara ya nemi mai gazuwal ba, C220 CDI? Ta fi tsimi nesa.

Mai Garaji na Feray: Tana da tsimi, amma ka duba farashi. A ragin da aka yi a Yulin 2024, esans ya koma sefa 499 lita, gazuwal 618. Ribar ta ragu. Sannan na Turai na waɗannan shekarun da yawa suna da matatar hayaƙi a cikin salansa, wadda ke son doguwar tafiya da gazuwal mai tsabta. Yawon cikin gari yana toshe ta, mota ta rasa ƙarfi. Injekta ɗaya kuma kuɗinsa ya isa ya cinye tsimin wata da watanni.

Lissafin hanya mai sauƙi ne. Yamai zuwa Tahoua ta Ƙonni wajen kilomita 550 ne. Ka ɗauka V6 da kilim za ta sha lita 10 a kilomita 100 a kan hanya, lita 55 ke nan, kusan jika 27 da rabi zuwa kawai. A cikin gari ta fi haka sosai. Duka biyun kusan ɗaya suke a nan, kar wanda ya ruɗe ka cewa Lexus ba ta sha.

Abu ɗaya: man kwalba na bakin hanya, ka yi bankwana da shi. Ba ka san abin da aka gauraya ba, ga ƙura ga ruwa. Ka cika tanki a tasha kafin ka fita, kuma kar ka riƙa bari ya kai ja, don man ne ke sanyaya famfon da ke cikin tanki.

Ɗan Ader: Lokacin ƙarancin mai na Maris 2025 hwa, da aka kwana bisa layi, wa ya tsaya zaɓe? Abin da ka samu shi kaka zubawa.

Mai Garaji na Feray: Shi ya sa bayansa muka yi ta canza famfo da filtir.

Hadiza Talladje: Ba wanda ya yi maganar ƙasa-ƙasa. Motocin nan biyu duk gajeru ne. A Tahoua in ka sauka daga gudron rairayi ne da duwatsu, a Yamai kuma damina. Bara a unguwarmu na ga wata Benz ta shiga ruwan da ya kai rabin ƙofa, ta mutu a tsakiya. Mai ita ya yi ta murɗa maɓalli, yara na tura shi. Da aka buɗe, ruwa ya shiga ta hancin iska, ƙarfen fistan ya lanƙwashe. Da ya bar ta a kashe aka ja ta, da wataƙila busarwa kawai za a yi. Yaya, ka dubi ƙofar gidanka da hanyar makarantar yara kafin ka dubi kujerun fata.

Baban Nafisa: Ƙofar gidana laterit ce, amma ba ta riƙe ruwa. Abin da ke damuna tudun rage gudu na garuruwan hanya, wasu sai ka hau a karkace.

Mai Garaji na Feray: Ka sa a yi mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin karter, a bar ramukan iska. Kar ka yarda a ɗaga ta da roba fiye da kima, yana kashe kardan da amortisa. Ƙafafun 17 masu taya mai kauri sun fi 18 masu siririya, ko da 18 sun fi kyau a hoto. Lokacin hunturu kuma filtir na iska ba ya jiran bidanji, ka riƙa dubawa, in ya cika ka canza. Yaran wanki suna busa shi da iska mai ƙarfi har ya yage, ƙura ta wuce ta kashe sensar iska. Bidanji ma kar ka bi abin da tablo ke cewa, an tsara shi don hanyoyin da ba ƙura. Ni a kilomita 5,000 zuwa 7,000 nake sa masu motocina su dawo. C300 na cin wajen lita 8, galan ɗaya ba ya isa, ka sa wannan a lissafi.

Ɗan Gao: Metir, ka faɗa masa kai tsaye mana. Wacce?

Mai Garaji na Feray: In a Yamai yake zaune, kuma C300 ɗin ta fito da tsabta a bincike, zan ce ya saya, zai ji daɗin da Lexus ba za ta ba shi ba a kan hanya. Tunda a Tahoua yake, da albashi ɗaya, ES350. Ina faɗar haka ina sane da cewa na kori kwastoma.

Ɗan Ƙonni 330: An sayi Metir.

Maman Iman: Ni dai ban yarda a yanke tun ba a ga motocin ba. Lexus da ruwa ya ci ta fi Benz mai lafiya sharri. Kuma tunda duk wata yana Yamai, ai bidanji da dubawa a nan zai riƙa yi.

Ɗan Ader: Hajiya, fan ba ya jiran ƙarshen wata.

Baban Nafisa: Na gode muku duka, Baba Malam na gode ƙwarai. Zan karɓi lambobin shasi biyun yau in tura wa Alhaji. Asabar ina Yamai in Allah ya so. Metir, za ka iya raka ni fakin da kwamfutarka? Zan biya kuɗin dubawa na duka biyun.

Alhaji Tiranzit: Ka haɗo da hoton takardar duwan, in gwada lambar da ke kanta da ta jikin mota.

Mai Garaji na Feray: Zan zo, amma da sassafe. Ka ce wa mai fakin kar ya tada ko ɗaya kafin mu iso, a sanyi nake son jin su. In na ɗora hannu a kapo na ji ɗumi, juyawa zan yi.